Hawan keke zuwa aiki a hunturun Jos: in jingine shi ko in ci gaba?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Unguwar Rogo, makarantar da nake koyarwa kuma tana wajen Dadin Kowa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota yake neman fin ƙarfina, sai a ƙarshen daminar nan na daure na sayi keke na hannu, mai giya. Wata biyun farko na ji daɗinsa ƙwarai. Amma tun da hunturu ya shigo abin ya sauya. Ina fita shida da rabi, kafin in kai Taminus yatsuna sun ƙandare har matse birki yana yi mini wuya. Ina isa makaranta jiƙe da gumi a cikin rigar sanyi, in na shiga aji kuma ɗari ya kama ni. Ga tari ya sa ni gaba, ga sarƙar keken sai ƙara take yi duk da ina zuba mata baƙin mai. Mai ɗakina ta ce in jingine shi sai bazara. Me ka gani?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da yaranmu.

Kada ka jingine shi. Shekara 26 ke nan ina gyaran keke a garin nan, da shi kuma nake zuwa rumfa rani da damina, kuma da za a ce in zaɓa tsakanin Janairu da Agusta, Janairu zan ɗauka. Sai dai uwargida tana da gaskiya da ta damu, domin yadda kake hawan yanzu zai iya kwantar da kai. Da na karanta wasiƙarka sai na ga sanyin da ka ɗora wa laifi shi ne mai ƙaramin laifi. Gumi ne yake cutar da kai, sai ƙura, sai wani abu da ba ka ma ambata ba wanda ya fi tayar mini da hankali: shin direbobi suna ganinka a wannan duhun da hazon?

Bari mu fara da sanyin. Jos tana zaune a kan tudun da tsayinsa ya haura mita 1,200 daga teku, shi ya sa asubahin Disamba da Janairu awo yakan sauka digiri 11 ko 10, wasu ranakun ma ƙasa da haka. Wannan awon na wanda yake tsaye ne. Mai keke yana keta iska, iskar kuma tana kwashe ɗumin da ke kan fata. In awo ya nuna 10, kai kuma kana gudun kilomita 25 a awa, abin da fatarka take ji bai wuce 7 ba, a gangara kuma ya fi haka muni. Ƙafafunka suna aiki, suna samar da zafi. Yatsun hannu kuwa suna can gaba a kan ƙarfe, ba motsi, su iska take fara duka, sannan jiki da kansa yana janye jini daga yatsu da kunnuwa ya mayar ciki don ya kare ƙirji. Dalilin ƙandarewar ke nan. Maganinta safar hannu mai tare iska. Ta ulu zalla ba ta wadatar ba, iska tana ratsa saƙarta kamar rariya. Nemi mai leda ko fata a waje da laushi a ciki. Ana samu a wajen 'yan gwanjo a Katako da Taminus. Kafin ka biya, sa ta ka dunƙule hannu ka buɗe, in ta yi kaurin da ba za ka ji birki sosai ba, ajiye ta ka ɗauki wata. In ka yi alwala da asuba, ka tabbata hannu ya bushe sarai, ka shafa man kaɗe ko basilin kafin ka sa safar. Hannu mai danshi a cikin iskar hunturu shi ne yake tsagewa. Kunne kuma hular sanyi marar kauri wadda hular kwano za ta hau kanta ta ishe shi. Takalmi rufaffe da safa, ban da silifa.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau, wato maganar gumi. Kuskuren da kusan kowane sabon mahayi yake yi shi ne ya sa kayan da suka dace da mai jiran mota a bakin titi. Ka fito daga ɗaki, jaura ta doke ka, sai ka koma ka ɗauko babbar jaket ɗin nan mai auduga a ciki. Minti goma na farko ka ji daɗi. Da ka fara hawan tudu jiki ya ɗauki zafi, gumi ya karyo, ba shi da hanyar fita, singiletin auduga da ke jikinka ta shanye shi ta riƙe. Ka isa makaranta, ka daina motsi, ka shiga aji mai sumunti da tagar da ba ta rufuwa, jiƙaƙƙiyar riga tana manne a bayanka. Ruwa yana jan zafi daga jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Ɗarin da yake kama ka a aji daga cikin rigarka yake fitowa.

Abin da nake yi, kuma nake gaya wa duk wanda ya zo rumfata, shi ne riguna uku marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri. Ta jikin fata ta zama irin rigar 'yan ƙwallo, don ba ta riƙe ruwa. A kanta suwaita marar nauyi. A waje kuma riga mai tare iska, mai zif a gaba. Zif ɗin nan shi ne komai: a tudu ka zuge shi ƙasa, a gangara ka ja shi har wuya. Ga ma'aunin da ba ya kuskure: in ka fito ƙofar gida ka ji ɗumi daidai, to kayan sun yi yawa. Ya kamata ka ɗan ji sanyi a farkon tafiya, kafin ka bar titin Bauchi jiki zai biya bashin da kansa. Kayan aikinka kuma, kaftani ne ko shat, ninke su ka sa a jaka ka ɗaure a kariya, wato mazaunin kaya na bayan keken, kada ka goya a baya don jakar baya ma tana tara gumi. In ka isa, ka goge jiki ka sauya. Minti biyar ne, amma shi zai raba ka da rawar ɗarin nan. Akwai wata tsohuwar dabara ta masu tseren keke a duwatsun Faransa da Italiya: in sun kai ƙololuwa za su gangara, sai su cusa jarida a ƙirji a ƙarƙashin riga. Takarda tana tare iska tana kuma shan gumi. Tana aiki a Jos kamar yadda take aiki a can, ranar da ka manta rigar waje ka tuna da ita.

Ka kuma rage sauri a tudu. Keken naka mai giya ne, yi amfani da ita. Ina ganin mutane da yawa suna barin giya a mai nauyi, suna miƙewa tsaye a kan feda suna nishi, alhali da sun sauke ta sun zauna sun riƙa juya ƙafa a hankali da sun hau ba tare da sun jiƙe ba. Sannu ba ta hana zuwa. Wani abu kuma da zai taimake ka: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma da safe kudu ka nufa, saboda haka galibi tana bayanka tana tura ka. Da rana in za ka dawo ita za ka fuskanta. Kada ka zaci keken ne ya yi nauyi ko ƙarfinka ne ya ƙare, ka dai ƙara wa tafiyar dawowa minti goma. A lokacin ma awo ya kai 27 ko 28, suwaitar ta koma jaka.

Sai tari. Kaso mai yawa na ƙurar da take sauka a sirdinka kafin gari ya waye daga Chadi ta taso, daga wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon tafki ne, iska ta ɗauko ta ta keto da ita har nan. Mai kaurin cikinta gashin hanci da majina suna tarewa. Mai laushin, wadda ido ba ya gani sai dai a ga gari ya yi fari, ita take wucewa har cikin huhu. A kan wannan sai ka ƙara hayaƙin Napep da na tifa, da na bola da tayoyin da ake ƙonawa don jin ɗumi. Mai tuƙa keke kuma yana shaƙar iska ninki biyu ko fiye da wanda yake zaune a mota. Ga bushewa: danshin iska a wannan lokaci yakan sauka kusan kashi 20 cikin 100, wani lokaci ƙasa da haka. Busasshiyar iska mai sanyi in ta shiga ta baki kai tsaye takan ƙeƙashe maƙogwaro, ta sa hanyoyin numfashi su tsuke. Hanci kuwa aikinsa ke nan, ya ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa ƙirji. Wannan ma wani dalili ne na sauke giya: in kana tafiyar da za ka iya numfashi ta hanci baki a rufe, to saurinka daidai ne.

Ka rufe hanci da baki. Ƙyalle ko takunkumin yadi yana tare ƙura mai kauri, yana kuma riƙe ɗumin numfashi, wannan kaɗai yana rage tari sosai. Ranar da hazo ya yi yawa, takunkumin N95 da ake sayarwa a kemis shi ne yake tare mai laushin, in ya zauna a fuska ba tare da ɓaraka a gefe ba. In mayafi ko rawani za ka naɗa, don Allah ka cusa bakinsa cikin riga. Na taɓa kwance ƙyalle daga cikin wilin baya na wani bawan Allah da ya faɗi a kan kwalta saboda wannan, ban so in sake ganin irinsa ba. Tabarau ma ka nema, ko fari ne, saboda ido. Ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka isa ko ba ka ji ƙishi ba. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali kowane numfashi yana fitar da ruwa daga jikinka. Azumi ma yana matsowa cikin hunturu a shekarun nan, in ya zo ka cika ruwa da sahur.

Amma akwai iyaka, kuma ba na wasa da ita. Tarin da ya wuce mako biyu na asibiti ne, musamman in akwai zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko jini a majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kai kuma kana tsayawa gaban yara kullum. In kana jin ƙirji yana tsukewa ko numfashi yana fito da ƙara kamar usur bayan ka hau tudu, ka gaya wa likita, yana iya zama asma ce sanyi yake tayarwa. Mai sikila kuwa, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna daga cikin abubuwan da suke tayar masa da ciwo, shi da mai ciwon zuciya kada su fara hawan asuba sai sun yi shawara da likitansu.

Mu dawo kan abin da na ce ya fi damuna. A Janairu rana ba ta fitowa a Jos sai wajen bakwai saura kwata. Kai shida da rabi kake fita, wato rabin tafiyarka a cikin duhu-duhu kake yi, ga hazo, ga gilasan motoci da ƙura ta rufe, da yawa kuma ba ruwa a abin gogewarsu. Rigunan sanyin da muke saya a gwanjo kusan duk baƙaƙe ne ko ruwan toka, launin kwalta da hazo sak. Mutum yana ganin mota sai ya ɗauka ita ma tana ganinsa. Sau da yawa ba ta ganinsa. Ka sayi jar fitila mai walƙiya ta baya da fara ta gaba, irin na caji, ka kunna su ko gari ya waye matuƙar akwai hazo. Ka ɗora riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi a saman komai. Wasu suna jin kunyar sa ta, wai za a ɗauke su leburori. Ni ina sa tawa kullum, kuma ina ganin yadda mota take fara kauce mini tun daga nesa. In kuɗinka bai kai ka sayi komai a lokaci ɗaya ba, fitilar baya ka fara saya, kafin safar hannu ma. Hular kwano kuma dole ce.

Tun da aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, Napep ce ta cika titi, har ma ta ƙwace sunan: yau in ka ce keke sai an tambaye ka wanne, mu kuwa basukur muka tashi muka ji iyayenmu suna cewa. Halinta ka riga ka sani, fasinja yana ɗaga hannu za ta yanko dama ta tsaya ba sigina. Kada ka bi ta a manne, kada kuma ka lafe a can bakin kwalta inda yashi da fasassun kwalabe suke taruwa. Yashin nan da iska take tarawa a gefen titi yana kwashe tayar gaba in ka karya kwana a kansa ko ka matse birkin gaba da ƙarfi. Bar kamar taku ɗaya tsakaninka da bakin titi. A mahaɗar Sakatariya da ta tsohon filin jirgi, kada ka taɓa kutsawa ta daman tirela ko tifa, direban ba ya ganin wannan gefen. Ban da bin hannun da ba naka ba don yanke hanya, ban da toshe kunne da abin sauraron waya.

To, sarƙa. Baƙin man da kake zuba mata shi ne yake cinye ta. Mai ne mai kauri, yana kama ƙura, ƙurar nan kuma garin dutse ce. In suka haɗu sai su zama kamar sanfefa, kowane juyi suna goge sarƙar da haƙoran giya. Ranar Asabar ka samu kananzir kaɗan da tsohon buroshin haƙori, ka wanke ta har ƙarfe ya fito, ka goge, ka bar ta ta bushe. Sannan ka ɗiga man keken ɗinki, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau da yawa, ka sa tsumma ka goge duk man da yake waje. A cikin gaɓa ake bukatar mai, na waje ƙura kawai yake kira. Sau ɗaya a mako ya isa. Tunda na hannu ka saya, auna ta: ɗora rula daga tsakiyar ƙusa ɗaya ta gaɓar sarƙar, a sabuwar sarƙa wata ƙusar za ta faɗo daidai a kan inci 12. In ta zarce da kashi ɗaya bisa 16 na inci, lokacin sauyawa ya yi. In ta kai ɗaya bisa 8, ta riga ta fara cin haƙoran baya, kuɗin gyara ya ninka. Ka riƙa goge gefen wili inda robar birki take kamawa, ka duba robar ko ta bushe ta yi santsi. Kada ka kai keke wajen masu wankin mota su fesa masa ruwa mai ƙarfi, yana tura ƙura cikin boris ya wanke giris. Iskar taya ka duba duk kwana biyu ko uku, adadin da take ɗauka yana rubuce a gefenta. Gara ka mallaki famfonka, injin masu faci na bakin titi don tayar mota aka yi shi, ƙiftawar ido yake fasa tib ɗin keke. A makaranta ka ajiye shi a inuwa, ranar hunturu tana tsattsaga roba.

Na daɗe a kan wahalhalun, kada ka ɗauka su ke nan. Wanda ya hau keke a daminar Jos, ya san ruwan da yake saukowa ba sallama, wani lokaci har da ƙanƙara, ya san ramin da ruwa ya rufe da birkin da ba ya kamawa in ya jiƙe, shi ya san darajar wannan lokaci. Daga Nuwamba har zuwa Fabrairu kusan ba ka da fargabar hadari. Titi a bushe, kowane rami kana ganinsa. In ka daidaita kayan jikinka, wannan ne lokacin da za ka yi tafiyar nan duka ka isa fes, abin da ba zai yiwu a Maris ba. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi. Ina son lokacin nan da rana take leƙowa ta wajen duwatsun Shere, ja-wur kamar garwashi, hazo ya rage mata kaifi. Ina son in wuce ta gaban mai shayi, tururi yana tashi, mutane sun kewaye wuta sun miƙa hannu, ƙanshin ƙosai ya biyo ni har kwana ta gaba, wani ya ɗago ya ce sannu da sanyi, in amsa ina tafe. Su suna takure cikin mayafi, ni kuwa jinina ya riga ya ɗumama. Wanda yake cikin mota an matse shi da mutum biyar, gilasai a rufe, wannan yana atishawa wancan yana tari, shi ne ma ya fi kusa da ɗaukar mura, domin ƙwayar cuta ce take kawo ta, daga mutum zuwa mutum. Za ka lura da kanka cewa ranar da ka hau keke ka fi shiga aji a wartsake.

Duk da haka akwai ranakun da ni ma nake barin nawa a gida. In na fito da safe na ga hazo ya sauko har ban iya hango ƙarshen layinmu sosai, motoci suna tafe da fitila bayan gari ya waye, ƙura tana ƙaiƙayi a maƙogwaro tun ban motsa ba, ranar Napep nake shiga. Haka ranar da na tashi da zazzaɓi ko mura ta sauka a ƙirji. Irin waɗannan ranaku ba su da yawa a shekara, kuɗin motarsu ba zai karya ka ba. Ka gaya wa uwargida wannan sharaɗin, ka nuna mata fitilar da rigar ƙyallin, ka je a duba tarin nan a makon nan. Ranar da keken zai kwana a gida, shigar da shi zaure ka lulluɓe shi da tsohon zani.